Alkol da Danginsa a Cikin Gidajenmu

  

Ƴan uwa masu karatu, akwai wata kalma da ke tayar wa Musulmi hankali idan ya gan ta rubuce a jikin kwalbar turare ko ta magani, ita ce alkol. Da yawa daga cikinmu da zarar sun karanta ta sai su ajiye kwalbar su goge hannu. Kalmar kuwa daga ɗakin iyayenmu mata ta fita. Asalinta Larabci ne, al-kuhl, wato kwallin nan da ake rambaɗa wa ido. Lokacin da Turawa suka yi ta juya littattafan Larabawa zuwa Latin sai suka ɗauke ta, suna kiran duk wani gari mai laushi ƙwarai da ita. Sannu a hankali ta koma sunan duk abin da aka tace har aka fitar da tsantsarsa, kuma a ƙarni na 16 wani likita mai suna Paraselsus ya laƙaba ta ga tsantsar da ake turarowa daga giyar inabi. Ita kanta tukunyar turarawar, wadda Faransawa ke kira alambik, sunanta daga al-anbiƙ ne. Tun a ƙarni na 9 Al-Kindi ya wallafa littafi a Bagadaza kan haɗa turare da turara shi, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Kalma ta tafi yawon duniya a matsayin kwalli, ta komo mana da wata ma'ana.

Ni a zauren mahaifina na fara karatu. Na yi allo, na sauke, sa'an nan ya ɗora ni a kan fiƙihu da nahawu da sarfu, da safe kuma ina zuwa lakwal. Da na kai lise, a shekarar da muka shiga darasin kimiyyar sinadaran karbon, abokaina suka yi ta kukan yawan sunaye: metanol, etanol, kulorometan, buromo'etan, ga su nan ba iyaka. Ni kuwa sai na ji kamar na taɓa biyo ta wannan hanya. Duk wanda ya yi sarfu ya san cewa harafi uku ne tushen kalma, a ƙara mata wani abu a gaba ko a baya, ma'ana ta sauya, hukuncinta a cikin jimla ma ya sauya. Daga tushe guda ake samun marubuci da abin rubutawa da wurin rubutu. Haka sunayen nan suke. Tushe yana faɗa maka tsawon abin, ɗafin da aka liƙa masa yana faɗa maka halinsa. Wanda ya riƙe wannan ya huta da haddar kwalabe ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ƙwayar zarra ta karbon, wato sinadarin da ya yi gawayi, tana da hannu huɗu na riƙo. Ta idirojen hannu ɗaya gare ta, ta oksijen biyu. Idan karbon guda ya riƙe idirojen huɗu, an sami metan, iskar nan da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Idan karbon biyu suka riƙe hannun juna, sauran hannuwansu shida suka cika da idirojen, an sami etan. Uku puropan, huɗu butan, wanda shi ne ke cikin tukunyar gas da matanmu ke girki da ita. Tushen suna yana ƙirga karbon: met ɗaya, et biyu, purop uku, but huɗu. Ƙarshen suna, wato an, yana nuna cewa babu kowa a gidan sai karbon da idirojen. Wannan zuri'a ana kiranta alkan, kuma mafi yawan abin da ke cikin man fetur da kananzir ƴaƴanta ne masu dogon jiki. Halinsu sanyi: ba su gauraya da ruwa, ba su cika shiga harkar wasu sinadarai ba, babban aikinsu shi ne su ci wuta.

To, sai a cire idirojen guda ɗaya tak daga jikin etan, a sa wani ɗan ƙulli a gurbinsa, oksijen ɗaya riƙe da idirojen ɗaya, wanda ake rubutawa OH. Nan take suna ya koma etanol, kuma duk abin da ke ɗauke da wannan ƙulli a jikin irin wannan karbon sunansa alkol. Dubi abin da wannan ƴar musanya ta haifar. Etan iska ce, ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 89 ƙasa da sifiri. Etanol ruwa ne da za a iya zubawa a kofi, ba ya tafasa sai a digiri 78. Dalili shi ne ƙullin OH rabin ruwa ne, domin ruwa kansa idirojen ne riƙe da OH. Ƙullin wannan yana jan ƙullin wancan, sai su manne wa juna, su ƙi tashi sama da sauƙi. Saboda wannan dangantaka ne etanol ke gauraya da ruwa ko nawa aka zuba. Ɗaya ɓangaren jikinsa kuma, wato wutsiyar karbon, ɗan uwan mai ne. Shi ya sa masu turare ba su rabuwa da shi: yana narkar da man ƙamshi, ya ɗauke shi zuwa jikin riga, ya bushe ya bar shi a can.

Zuri'ar alkol tana da faɗi fiye da yadda ake zato. Giliserin da ake shafawa lokacin hunturu don kaushi alkol ce, ƙullin OH uku gare ta, shi ya sa take da kauri da zaƙi, kuma ba ta tafasa sai a digiri 290. Mentol mai sanyin nan na cikin na'ana'a da man zafi alkol ne. Kolesterol da likita ke aunawa a jinin tsofaffinmu, ga ol nan a ƙarshen sunansa. Wata gwaggona ta taɓa aiko mini da man shafawa da ɗanta ya kawo mata tsaraba, ta ce in duba mata, an ce da giya aka yi shi. Abin da ke rubuce a jiki shi ne alkol setilik. Wannan karbon 16 ne a jere da ƙullin OH guda a can ƙarshe. Wutsiya ta yi tsawo har ta rinjayi ƙullin, don haka ba ruwa ba ne ma, daskararre ne fari kamar kakin kyandir, daga man tsirrai irin su kwakwa ake samo shi. Na aika mata cewa ko da mutum zai cinye kwano guda na wannan abu, abin da zai same shi ciwon ciki ne, hankalinsa na nan daram. Kama da wane ba ta wane.

A cikin wannan dangi duka, wanda ke cikin giya da burkutu da duk abin sha mai sa maye shi ne etanol. Yadda yake samuwa kuma ba asiri ba ne. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, yis, wanda masu gasa burodi ke kira lebir. Idan suka sami sukari a wurin da iska ta yi ƙaranci sai su ci, su fitar da etanol da iskar karbon. Iskar ce ke kumbura ƙullin fanke da na masa da burodi, ɗan etanol ɗin kuma mafi yawansa zafin wuta ke kore shi. Idan aka bar su da ruwan zaƙi kwana da kwanaki, etanol ya yi ta taruwa har ya kai wajen kashi 14 ko 15 cikin 100, a nan sai ya kashe su da kansa. Abin da ya wuce wannan ƙarfi sai an turara. Na fahimci wannan a lise, sa'an nan na tuna abin da muka karanta a zaure, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa ya sha, amma abin da ya rage bayan yammacin rana ta uku ba ya shan sa. Lokaci ne yis ke bukata. A zafin ƙasarmu kuwa aikinsu ya fi sauri, don haka uwargida mai ajiye kunun zaƙi ko ruwan zoɓo a watan bazara ta riƙa ɗanɗanawa kafin ta ba yara.

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, aka ajiye ruwan goge hannu a ƙofar masallacinmu. Wani dattijo daga cikin masu sahun farko ya tsaya ya ƙi miƙa hannu. Bayan salla ya sami mahaifina ya ce, “Allah ya gafarta Malam, yanzu da giya za mu shafe hannu mu fuskanci alƙibla?” Mahaifina ya ce ya ba shi zuwa gobe. Da dare ya kira ni, ya ajiye kwalbar a gabana ya ce, “Kai da ka yi boko, faɗa mini abin da ke cikin kwalbar nan, ni kuma in faɗa maka abin da ke cikin littafi. Ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi.” Na ce, “Baba, iri biyu ne. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, ko dai etanol kashi 80 cikin 100, ko izopuropanol kashi 75, da ƴar giliserin don kada hannu ya bushe. Na farkon shi ne sinadarin da ke cikin giya, ba zan ɓoye maka ba, sai dai an yi shi ne don kashe ƙwayoyin cuta, kuma an haɗa shi da abin da ba ya shayuwa. Na biyun karbon uku ne, ba a yin abin sha da shi, guba ne ga mai sha. Dukansu kafin mutum ya kai sahu sun bushe sun bi iska.”

Abin da ya faɗa wa jama'a washegari shi ne, shan abin maye haramun ne babu saɓani, kaɗan ne ko mai yawa, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa. Inda malamai suka yi saɓani shi ne ko jikin giya najasa ne kamar fitsari. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun ce najasa ne. Rabi'atu, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'adu da Muzani sun ce shanta ne haramun, amma taɓa ta ba ya ɓata tsarki. Ya kuma kawo musu matsayar Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wadda ta zauna a Makka a watan Janairun 2002, ta halatta amfani da alkol wajen wanke rauni da kashe ƙwayoyin cuta da man shafawa, ta kuma halatta maganin da ke da ɗan kaɗan a ciki idan babu madadinsa kuma amintaccen likita ne ya rubuta. Sa'an nan ya ce duk wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga buta ga sabulu, su ma suna yin aikin. Dattijon nan sabulu ya zaɓa har annoba ta wuce, kuma babu wanda ya ce masa kanzil. A ganina wannan ita ce hanya, domin wanda aka tilasta wa abin da yake ƙyama, gobe ba zai zo masallacin ba gaba ɗaya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa abu yana iya juyewa ya zama wani abu dabam, suna kiran wannan istihala, kuma babban misalinsu shi ne giyar da ta koma khalli da kanta, abin da muke kira binegar. Sun haɗu a kan cewa ta tsarkaka. A harshen kimiyya, wasu ƙwayoyin halitta ne ke amfani da iska su cire wa etanol idirojen biyu su ƙara masa oksijen ɗaya, sai ya zama asid asetik, mai tsami, marar maye. Hantar ɗan Adam ma ta wannan hanya take bi da shi. Tana fara mayar da shi wani abu mai suna asetaldehid, wanda shi ne ke sa mashayi ciwon kai da amai, kuma shi ne ke cin hantar a hankali, daga nan ta mayar da shi asid asetik.

A nan ne haɗarin yake, domin hanta ba ta tambayar suna. Duk ƙaramin alkol da ya shigo, hanya ɗaya take bi da shi. Metanol ƙanen etanol ne, karbon ɗaya gare shi a maimakon biyu. Launinsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, hanci da harshe ba su rarrabe su. Amma idan hanta ta yi wa metanol irin aikin da take yi wa wansa, abin da ke fitowa da farko shi ne formol, ruwan nan da ake adana gawa da shi a asibiti, sa'an nan asid formik, irin wanda ke cikin harbin wasu tururuwa, daga sunan tururuwa a Latin ma aka samo sunansa. Wannan asid yana kama jijiyar gani. Mililita 10, wato ƙaramin cokali biyu, suna iya makantar da babban mutum har abada, 30 suna iya kashe shi. Mugun abin shi ne alamu ba su bayyana sai bayan awa 12 zuwa 24, lokacin da mutum ya ɗauka ya tsira. A ƙasar Iran, a farkon 2020, jita-jita ta bazu cewa shan alkol yana maganin korona, mutane suka sayi abin da suka samu a ɓoye, fiye da 700 suka mutu cikin ƙasa da wata biyu, wasu da dama suka makance. Wani abin al'ajabi, ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke ba wanda ya sha metanol shi ne etanol, domin hanta ta fi son sa, sai ta shagala da shi har metanol ya fita ta fitsari bai juye ba. Wannan aikin asibiti ne da awo, ba na gida ba. Abin da ya shafi gida shi ne, alkol na ƙonawa da na masu fenti da kafintoci sau da yawa akwai metanol a ciki. Kada a wanke rauni ko cibiyar jariri da shi, kada kuma a juye shi a gorar ruwan sha a ajiye inda yaro zai kai hannu.

Akwai wani ɗan dangin da ya fi wannan cin amana, domin shi yara yake bi. Maganin ruwa na yara, siro na tari ko na zazzaɓi, ana narkar da shi ne a cikin giliserin ko wani ɗan uwanta marar illa. Akwai kuma wani alkol mai ƙullin OH biyu, sunansa dayetilen gilikol, wanda ake amfani da shi a masana'antu da cikin man birki. Kaurinsa kamar na giliserin, ga zaƙi, ga araha. Idan ɗan kasuwa marar tsoron Allah ya sauya wannan da wancan, ko mai haɗa magani ya sayi ganga bai gwada ba, sai hantar yaro ta mayar da shi asid mai kashe ƙoda. A Amurka a 1937 wani magani irin wannan ya kashe mutum fiye da 100, abin da ya sa a 1938 suka kafa dokar da ta wajabta gwada magani kafin a sayar. A Jos a 1990 yara 47 suka mutu bayan shan siro na farasitamol. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya. A Gambiya a 2022 wajen yara 70 suka tafi saboda wasu siro huɗu da aka shigo da su daga Indiya. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani siro mai suna Naturcold a Kamaru, wanda aka samu yana ɗauke da wannan guba har kashi 28.6 cikin 100, alhali iyakar da aka yarda da ita ita ce kashi 0.1.

Babu uwar da za ta gane wannan da ido ko da harshe, sai ɗakin gwaji. Don haka ni a gidana na hana sayen siro daga masu yawo da magani a faranti, ko da kuwa na farmasi ya ninka kuɗi. Ba ina cewa duk abin da ke farmasi ya kuɓuta ba, amma shi akwai takarda da lambar haɗi, idan aka yi gargaɗi ana iya bin sawunsa a janye shi, na faranti kuwa babu mai sanin inda ya fito. Alamar da ya kamata kowace uwa ta riƙe ita ce fitsari. Yaron da ya sha siro, ya kama amai da kasala, sa'an nan fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, a tafi da kwalbar.

Yanzu mu koma ga gurbin nan da muka sa OH a ciki. Ana iya sa wani baƙo dabam a wurin, ɗaya daga cikin sinadarai huɗu: fuliyor, kulor, burom ko iyod. Ana kiransu halojen, kalmar Girkanci mai nufin masu haifar da gishiri, domin gishirin Bilma da na teku duka kulor ne haɗe da sodiyom. Alkan da ya karɓi ɗayansu sunansa haloalkan, kuma a nan ɗafin suna a gaba yake zuwa: kulorometan, buromo'etan. Zuri'ar nan biyu suna auratayya. A dafa buromo'etan da ruwan soda mai ƙarfi, OH ya ture burom ya zauna a gurbinsa, an sami etanol. A haɗa etanol da asid mai burom, a koma inda aka fito. Ba duka ne ke sakin gurbi da sauƙi ɗaya ba. Iyod riƙonsa sako-sako ne, da wuri yake tafiya. Burom ya fi shi riƙo, kulor ya fi burom, fuliyor kuwa idan ya kama karbon sai Allah. Tun da babu ƙullin OH, haloalkan ba su gauraya da ruwa, sun fi son mai da kitse. Waɗannan halaye biyu, ƙin ruwa da taurin riƙo, su ne amfaninsu, su ne kuma masifarsu.

Son kitse ne ya sa suke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa su sa barci. A 1847 wani likitan haihuwa a Edinbara, James Simpson, ya fara sa wa mata kuloroform don su huta da zafin naƙuda, kuma a 1853 Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi a haihuwar ɗanta na takwas. Kuloroform metan ne da aka cire wa idirojen uku aka sa kulor uku. Daga baya aka bar shi domin yana taɓa hanta, yana kuma tsayar da zuciya ba zato. A 1956 halotan ya shigo ɗakin tiyata, ya daɗe yana aiki a asibitocin Afirka, yau kuma ana komawa ga wasu sababbi da suka fi shi sauƙi a jiki.

Taurin riƙo kuma labarinsa a bayan firji yake. Firji na farko da iska mai guba suke aiki, irin su amoniya, idan ta tsiyaye cikin dare takan kashe mutanen gida. A wajen 1930 aka fito da Freon, karbon riƙe da kulor da fuliyor, ba ya cin wuta, ba ya da guba, ba ya ruɓewa. Kowa ya yi murna. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa rashin ruɓewar nan ita ce matsalar. Iskar tana tashi lafiya lau har can sama, inda wani rufi na iskar ozon ke tare mana mugun hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. A can hasken ke tsinke kulor, kuma kulor guda yana iya rusa ƙwayoyin ozon kusan 100,000 kafin ya gaji. A 1985 aka tabbatar da ɓulin da ya samu a rufin a saman ƙarshen kudancin duniya. A 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Montireyal, wadda daga baya kowace ƙasa ta shiga, kuma zuwa 2010 aka daina ƙera wannan iska. Rufin yana warkewa, ana sa ran mafi yawansa zai koma yadda yake a wajen 2040. Magajiyarta, R-134a, ba ta da kulor don haka ba ta taɓa ozon, amma tana riƙe zafi fiye da iskar karbon sau 1,400 da ɗoriya, shi ya sa a Kigali a 2016 aka amince a rage ta ita ma. Sababbin firji da yawa yanzu da R-600a suke aiki, wadda ba kowa ba ce illa ƴar uwar butan ta tukunyar girki. Tana cin wuta. Mai irin wannan firji kada ya sassaƙe ƙanƙara da wuƙa, kuma mai gyara ya karanta lambar da ke bayan injin kafin ya kunna wutar walda. Tsofaffin ma ba a kusanta musu harshen wuta, domin zafi yana farfasa su su zama hayaƙi mai ƙona huhu.

Na ƙarshe da zan ambata yana cikin rumbunmu. Manoma sun san gamalin, wanda sinadarinsa lindan ne: karbon shida a zagaye kamar zobe, kowanne riƙe da kulor guda. Yana kashe ƙwari sosai, shi ya sa aka daɗe ana zuba shi a buhun wake, wasu masunta ma suna zuba shi a ruwa su kwashi kifi. Amma tun da ba ya narkewa a ruwa, wanke wake ba ya fitar da shi duka, dafuwa ba ta rusa shi, kuma idan ya shiga jiki a kitse yake zama, har ya fito a nonon uwa. A 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Istokholm ta hana amfani da su a gona. Madadinsa ba ya bukatar wani sinadari ko kaɗan. Masana daga jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, sun gano cewa idan aka toshe wa ƙwarin wake iska, numfashinsu ne zai ƙarar da oksijen ɗin da ke ciki su mutu. Daga nan aka samo buhun nan mai ninki uku, leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu daga 2007. Sharaɗinsa shi ne wake ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, kada kuma a riƙa buɗe shi ana ɗiba sai ranar da za a juye.